Daga Garmaho zuwa Wayar Hannu: Yadda Koyon Harshe Ya Hau Intanet

Malaman lugga sun daɗe da yin ittifaƙi a kan cewa littafi, komai cikar ƙa'idodinsa na nahawu da sarfu, ba ya iya koya wa ɗalibi lafazi, domin takarda ba ta da murya. Saboda haka akasarin hikimomin da aka ƙago don koyar da harsuna tun farkon ƙarni na 20, in an dube su da idon basira, ƙoƙari ne na kai muryar malami inda ƙafarsa ba ta taka ba.

A 1901 ne wani mai fassara, Jacques Roston, ya kafa kamfanin Linguaphone a Landan, yana naɗar darussa ana saurare a garmaho, kuma a 1943 BBC ta fara koyar da Turanci ta rediyo. Da Tarayyar Soviet ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik a 1957, hankalin hukumomin Amurka ya tashi, har suka yi doka a 1958 wadda ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da harsunan waje, makarantu suka cika da ɗakunan rakoda inda ɗalibi zai saurari jumla ya maimaita. Illar wannan tsari kuwa ba ɓoyayya ba ce, domin wanda ya wuni yana maimaita magana kamar aku, babu mai tsai da shi in ya karkace, kuskurensa kawai yake haddacewa.

Neman mai gyara shi ya jawo kwamfuta cikin sha'anin. A 1960 Donald Bitzer ya fara gina tsarin PLATO a Jami'ar Illinois, wanda daga baya aka koyar da Rashanci da Faransanci da shi, na'ura tana duba amsa nan take ta ce an dace ko an kuskure. Sai dai tsadarsa ta tsare shi a manyan makarantu. Kamfanin Rosetta Stone, wanda aka kafa a 1992, ya kai irin wannan darasi gidaje a faifan CD.

Abin da intanet ta ƙara, wanda a ganina ya fi duk na baya muhimmanci, shi ne mutum mai rai a ɗaya gefen, domin tun fitowar Skype a 2003 ɗalibi yana iya ɗaukar karatu baki da baki daga malamin da ke wata nahiya, ya faɗa a gyara masa, irin mushafahar da ma'abota tajwidi suka sharɗanta. Sa'an nan a 2012 Luis von Ahn, mutumin Gwatamala, da ɗalibinsa Severin Hacker suka buɗe dandalin koyon harsuna na Duolingo ga jama'a kyauta, da niyyar masu koyo su riƙa fassara shafukan intanet ana sayar da fassarar, dabarar da aka watsar daga baya aka koma ga talla da kuɗin rajista. Annobar korona ta 2020, da ta rufe makarantu, ita ta tilasta wa malaman da suke ɗari-ɗari shiga Zoom, suna so ko ba sa so.

Hausa ma ta sami rabonta, ko da yake a makare: marigayi Farfesa Russell Schuh ya ajiye darussanta a shafin Jami'ar UCLA, Google Translate kuma ya karɓe ta a ƙarshen 2013. Tun da rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, baƙon da ke koyon Hausa ya fi kowa bukatar jin murya, kuma saƙon murya na WhatsApp, wanda ba don makaranta aka yi shi ba, ya zama hanyar da ɗalibai da yawa suke kai wa malamansu tilawa a yi musu gyara.