Asalin Yuraniyom, Dutsen Wuta na Ƙasar Azbin

Yuraniyom wani ƙarfe ne mai nauyi ƙwarai, wanda ya ɗara ko darma nauyi, kuma ba a samunsa zalla a cikin ƙasa sai gauraye da duwatsu, wani lokaci baƙi kamar kwalta, wani lokaci rawaya kamar kwaiduwar ƙwai. Hikayoyin mutanen da cike suke da labarin wani dutse mai asiri wanda kaɗan daga cikinsa ke yin aikin da runduna ba ta yi, kuma masu alkimiya, wato tsohuwar sana'ar neman juyar da ƙarfe mai araha ya koma zinariya, sun ƙare rayuwarsu wajen nemansa ba su dace ba. Da sun ga yuraniyom da sun ce buƙata ta biya, domin yana fitar da wani tururi mai ratsa jiki wanda ido ba ya gani, tamkar mai layar zana, yana kuma rikiɗa da kansa sannu a hankali har ya zama darma bayan shekaru masu ɗimbin yawa, sannan kilo ɗaya nasa yana ba da wutar lantarkin da sai an ƙona fiye da tan 10 na kwal kafin a samu irinta. Wannan abin al'ajabi kuwa Allah Ya ajiye shi a ƙarƙashin rairayin Arlit da Akokan, cikin jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar.

Masana ilimin ƙasa suna danganta asalinsa ga duwatsun Azbin kansu, waɗanda a zamanin da ya shuɗe suka yi aman wuta suka watsa toka mai ɗauke da wannan ma'adini. Ruwa ya yi ta wanke tokar da duwatsun, yana gangarawa da abin da ya narke zuwa yamma, cikin wani babban kwari da ake kira Tim Mersoi, inda ya ratsa tsoffin shimfiɗun yashi da suka daskare suka zama dutse, waɗanda shekarunsu suka haura miliyan 300. A duk inda ruwan ya tarar da ruɓaɓɓun tsirran da yashi ya binne, sai ma'adinin ya maƙale ya taru, ya zauna nan cikin duhu yana jiran lokacinsa, alhali ayarin gishiri da garkunan raƙuman Abzinawa suna ta wucewa a kansa.

Sai dai labarin haƙar ma'adini a wannan ƙasa ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba, kuma a nan ne abin alfahari yake. Dattawan Gobir suna riƙe da cewa kakanninsu sun zauna a Azbin kafin su gangaro kudu, kuma a yammacin waɗannan duwatsu, ta wajen Ingal, an yi wani birni mai suna Takedda wanda jan ƙarfensa ya kai sunansa ƙasashe masu nisa. Matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a birnin a shekarar 1353, ya kuma bayyana cewa mutanensa suna tono tama a bayan gari su kawo gida su narka, su zuba ta sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi, wasu sirara wasu masu kauri. Waɗannan sanduna su ne kuɗinsu, da sirara ake sayen nama da itacen wuta, da masu kauri ake sayen gero da alkama da man shanu, kuma fatake suna kai jan ƙarfen har Gobir da Barno. Ya ma ambaci cewa ruwan garin yana bi ta kan ma'adinin har launinsa da ɗanɗanonsa su sauya. Birni ne na maƙera da madugai da malamai, domin ko Shehu Al-Magili ya zauna a cikinsa kafin ya wuce Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15.

An yi saɓani a kan inda Takedda take. Wasu sun ce ita ce Tegidda-n-Tesemt, garin da har yau ake fitar da gishiri, suna masu ganin cewa gishiri aka nufa ba jan ƙarfe ba, wasu kuma sun ce kufan Azelik ne, wanda ba shi da nisa da can. Magana ta biyu ta fi kama da gaskiya, domin masu tonon kayan tarihi sun tarar da kashin maƙera da burbushin jan ƙarfe da harsashin masallatai a Azelik, kuma da wuya mutumin da ya kewaya duniya kamar Ibn Battuta ya kasa bambance gishiri da ƙarfe.

Sunan da ake kiran ma'adinin da shi kuwa daga Turai ya fito. Masu haƙar azurfa a duwatsun da ke tsakanin Jamus da ƙasar Cek sukan ci karo da wani baƙin dutse mai nauyi da ba su san amfaninsa ba, suka laƙaba masa suna da wata kalmar Jamusanci mai ma'ana biyu, kwalta da kuma rashin sa'a, kuma ma'anar kwalta ta fi dacewa da baƙinsa da sheƙinsa. A shekarar 1789 wani masanin haɗa magunguna na birnin Berlin mai suna Martin Klaproth ya gano cewa akwai sabon ƙarfe a cikin dutsen, ya raɗa masa sunan duniyar Yuranus wadda aka hango a sararin sama a 1781. Kusan shekara 100 babban aikinsa bai wuce rina gilashi da tangaran su yi rawaya ko tsanwa ba, sai a 1896 Bafaranshe Henri Becquerel ya gano tururin nan nasa na ɓoye, a 1938 kuma masana a Jamus suka fasa ƙwayar zarrarsa, wato mafi ƙanƙantar abin da ƙarfen ya ginu a kai, aka ga irin zafin da ke fita daga cikinta. Da wannan zafi aka hallaka Hiroshima a 1945, da shi kuma ake tafasa ruwan da tiririnsa ke juya injinan lantarki.

Abin lura shi ne sawun maƙeran Takedda ne ya kai ga yuraniyom na Nijar, domin a 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa jan ƙarfe suka je nema a Azelik, suka tarar da alamun yuraniyom. Daga nan bincike ya nausa arewa, aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968 ya soma fitar da kaya a 1971, garin Arlit ya tsiro a gefensa, sannan aka kafa COMINAK a 1974, ya soma aiki a 1978 a ramin Akouta mai zurfin kimanin mita 250, aka gina Akokan domin ma'aikatansa. Ana niƙa dutsen a jiƙa shi da ruwan asid a fitar da wani gari rawaya, a ɗura a ganguna, kuma har zuwa 2023 akan bi da shi ta Agadas da Tawa zuwa Kwatano, daga can jirgin ruwa ya kai shi Faransa. Ramin Akouta ya ba da kimanin tan 75,000 kafin a rufe shi ranar 31 ga Maris 2021, SOMAIR kuwa gwamnatin Nijar ta mayar da shi mallakar ƙasa a 2025.

Abin takaici shi ne, jan ƙarfen Takedda a hannun mutanen Takedda aka narka shi, da shi suka ci kasuwarsu, amma yuraniyom ya haska biranen wasu ya bar mafi yawan ƙauyukan Nijar da fitilar hannu, ya kuma bar wa Akokan tsibin dusar dutse na miliyoyin tan mai fitar da tururi, da ma'aikatan da aikinsu ya ƙare. Duk da haka arzikin bai ƙare ba, domin yuraniyom ɗin da ke wurin da ake kira Imuraren, wanda aka gano tun 1966, yana cikin mafi girma a duniya kuma har yanzu yana kwance. Ya wajaba ga shugabanni da masu ilimi su tsare ruwan sha da lafiyar mutanen Arlit da Akokan, su kuma koyar da ƴaƴan ƙasa ilimin wannan dutse tun daga tono har zuwa sarrafawa, yadda jikokin maƙeran Azelik za su ci moriyar abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu kamar yadda kakanninsu suka ci.