Gandu da Tsufa a Ƙasar Funtua da Malumfashi

A Mahuta da sauran ƙauyukan noma na kudancin Katsina, tsarin da ya daɗe yana riƙe da tsofaffi shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, suna noma gona ɗaya, su zuba amfani a rumbu ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya. Maigida ke ciyarwa, a da shi ke biyan haraji, shi ke yi wa ɗa auren fari. Su kuma 'ya'yan suna ba gandu ƙarfinsu daga safiya zuwa azahar, da yamma kowa ya wuce gayaunarsa. Idan ƙarfin uba ya ja baya sai babban ɗa ya karɓi ragamar aiki, amma buɗe rumbu da yanke shawara suna hannun tsoho.

Ajiye fartanya ba ya nufin zaman banza. Dattijo yakan zauna a zaure ko gindin bishiya yana tufkar igiya, ya kula da ragon da ya turke, ya raba gardamar iyakar gona, ya karɓi aure ko ya bayar. Salloli biyar a masallacin unguwa su ne ma'aunin lafiyarsa: in ba a gan shi a sahun asuba ba, kafin hantsi an aika a dubo shi. Tsohuwa kuwa tana kaɗi da mazari, tana daddawa, ita ce ungozoma, kuma ɗakinta ake kai yaro yaye. Wasan jika da kaka ma yana hana kaɗaici, domin yarinya kan kira kakanta mijinta, ta tsokane shi, ya rama.

Sauyi ya zo ne ta hanyar kuɗi. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920, cinikin auduga ya bunƙasa, saurayi ya fara samun nasa na kansa. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, takin zamani da sabon irin masara suka yaɗu, noma ya koma na mai jari. Bayan zaɓen 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987, wata igiyar da ke ɗaure ɗa da gandu ta kwance. Rabon gado ya tsinka gonaki, cirani da karatun boko suka kai matasa Kano, Kaduna da Legas.

A yau gandu ya ragu, amma haƙƙin iyaye bai faɗi ba. Ɗan da ke birni yana turo kuɗin taki da na magani ta waya, wanda ke gida yana noma gonar tsoho. Malamai da ma'aikatan da suka yi ritaya kan dawo gida su haɗa fansho da noma, su shiga kwamitin masallaci ko na makarantar Islamiyya. Babban ƙalubalen shekarun nan shi ne matsalar 'yan bindiga, wadda ta raba tsofaffi da yawa da gonakinsu da maƙwabtan da suka saba da su, ta mayar da ɗawainiyarsu kan dangin da ke Funtua da Malumfashi.