Kwarori: Baƙin da Raɓarsu Ba Ta Bushe Ba

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, da rana ta ɗaga sai a neme shi a rasa. Tarihin Kwarori, wato mutanen Sham da Labanan da suka zauna a Afirka ta Yamma, ya saɓa wa wannan karin magana.

Hijirarsu ta kankama ne wajajen 1880, lokacin da tsaunukan Labanan ke ƙarƙashin daular Turkawa. Ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan, sana'ar alharini da ƙauyuka suka dogara da ita ta fara ja da baya. Daga 1915 zuwa 1918 yunwa ta hallaka kusan sulusin mutanen tsaunukan. Mafi yawan masu fita sun nufi Amurka da Birazil, amma jiragen ruwa kan yada zango a Marsai. Wanda guzurinsa ya ƙare a can, sai ya karkata zuwa Dakar, Konakiri ko Legas.

Da tallar murjani da yadi suka fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gujiya ya buɗe musu ƙofar ƙasar Hausa. Bature yana son riba, amma ba ya son zaman ƙauye. Kwara kuwa ya zauna, ya koyi Hausa, ya ba da bashi kafin kaka, ya auna gujiya bayanta. A Maraɗi da Damagaram sun yi ciniki a inuwar manyan kamfanoni irin su CFAO da SCOA, kuma wasu alhazan Maraɗi sun fara ne da saya wa irin waɗannan gidaje gujiya. Har yau kasuwar Kantin Kwari ta Kano tana ɗauke da sunansu.

Sai dai zaman tsakani yana da haɗari. Manomi ba ya ganin wanda ya yanke farashi a Turai, mai sikelin da ke gabansa yake gani. A 1919, da shinkafa ta yi tsada a Saliyo, kantunan Kwarori aka far wa. Tsarin mulkin Laberiya kuwa har yanzu ya keɓe zama ɗan ƙasa ga baƙar fata, ko da kakan mutum a can aka binne shi.

Yaƙin basasar Labanan, daga 1975 zuwa 1990, ya ƙaro sabbin baƙi, galibi daga kudancin ƙasar, suka tarar da jikokin na farko suna ciniki da harsunan Afirka. Mutumin da aka haifa a Fage, Hausa ce a bakinsa, kabarin mahaifinsa kuma yana Kano, a wane gari ne za a ce shi ɗan gida ne?