Jinyar Baƙo a Zangon Lome

Kalmar zango a asalinta tana nufin wurin da ayarin fatake ke yada kaya ya kwana kafin ya ɗauki hanya da asuba, amma a ƙasashen kurmi da bakin teku ta koma sunan unguwar da baƙi Musulmi daga arewa suka zauna har suka hayayyafa, kuma Zangon Lome, babban birnin Togo, yana cikin waɗanda suka fi shan ƙaura. Garin Lome kansa ba tsoho ba ne, domin sai wajajen 1880 ya fara bunƙasa, lokacin da 'yan kasuwa suka tsallako daga yankin da Ingila ke mulki don guje wa harajin kwastan mai nauyi, kuma fatake Hausawa suna cikin waɗanda suka riski garin tun yana ƙarami. Jamusawa suka kafa ikonsu a gaɓar a 1884, suka mayar da Lome hedikwata a 1897 bayan sun baro Zebe da ke kusa da Aneho, a daidai shekarun da yaƙin basasar Salga na 1892 ya watsa fataken Gwanja, da yawansu suka koma Kete-Karaci, wadda a lokacin take hannun Jamus, daga can kuwa hanya ta miƙe zuwa teku. Cikin waɗanda suka yi wannan ƙaura har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zama limamin Karaci ya rasu a 1934, wanda rubuce-rubucen da ya yi wa jami'in Jamus Adam Mischlich suka zama madogara babba game da rayuwar Hausawan ƙarni na 19.

Masu rubuta tarihin zanguna sun fi mayar da hankali ga goro da shanu da bashi, alhali kuwa ranar da falke ya kwanta ciwo a garin da ba shi da uwa ba shi da uba ita ce ranar da ake gane ko zango ya amsa sunansa. Michel Agier, Bafaranshen da ya yi nazarin Zangon Lome ya buga littafinsa a 1983, ya nuna cewa ginshiƙin unguwar shi ne mai gida, wato attajirin da ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan za a ba da kayansa bashi. A al'adar zanguna wannan amana ba ta tsayawa a kan huhun goro, domin idan baƙo ya wayi gari da masassara, mai gida ne ke aika yaro ya kira wanzami ko malam, gidansa ne ke dama kunu, shi ne ke aika saƙo gida ta hannun ayarin da ke komawa, idan kuma rai ya yi halinsa shi ne ke tsayawa a yi wanka da sutura, ya riƙe dukiyar mamaci har magada su zo. Babban abin da ke tsinka zuciyar matafiyi shi ne ya mutu a hannun mutanen da ba su san yadda za su binne shi ba, kuma zango yana cire masa wannan fargaba tun kafin a kawo masa magani na farko.

Masana ilimin halayyar ɗan Adam, wato fannin da ke binciken tunani da tsoro da bege da yadda suke juya halin mutum, sun daɗe suna jayayya da likitoci a kan iyakar da ke tsakanin ciwon jiki da ciwon rai, amma harshen da mutanen zango ke magana da shi bai taɓa shata wannan iyaka da kyau ba. Lafiya a Hausa ta haɗa ƙoshin jiki da kwanciyar hankali da zaman lumana da maƙwabta, shi ya sa ake tambayar lafiyar gida da ta hanya da ta kasuwa da kalma guda, kuma wannan faɗin ma'ana ya yi kusa da bayanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a kundinta na 1946, inda ta haɗa jiki da tunani da zamantakewa. Zuciya ita ce tsokar da ke bugawa a ƙirji, ita ce kuma mazaunin fushi da haƙuri da baƙin ciki, hankali shi ne abin da ke tashi ko ya kwanta ko ya gushe, rai kuwa yana ɓaci yana daɗi. Saboda haka falken da abokin cinikinsa ya gudu da kuɗinsa ba ya cewa yana cikin damuwa ya yi shiru, cewa yake yi gabansa na faɗuwa, kansa ya yi nauyi, jikinsa ya mutu, barci ya ƙaurace masa, kuma malamin da ya ji wannan ya san cewa tambayar da za ta biyo baya ta shafi kasuwa da iyali.

Rubutun sha shi ne maganin da ya fi kowane bayyana wannan fahimta, kuma ya cancanci a dube shi a tsanake. Majinyaci ko wakilinsa yakan zauna a gaban malam a zaure ya zayyana abin da ke damunsa ba tare da an katse shi ba, sannan ya ajiye kafin alƙalami, wato ɗan abin da ake bayarwa kafin a fara aiki. Malam ya ɗauko allo wankakke da alƙalamin gamba da tawadar da aka haɗa da zuge da ƙaro, ya rubuta ayoyin da ya zaɓa ƙafa bakwai ko arba'in da ɗaya ko fiye, ƙafa a nan tana nufin adadin maimaitawa, wani lokaci ya ƙara hatimi, wato zanen gidaje mai ɗauke da haruffa da lambobi. Idan tawada ta bushe sai a wanke allon a cikin kwano, a tace baƙin ruwan, a zuba mahaɗi na sassaƙe ko saiwa idan akwai, a faɗa wa mai ciwo lokacin da zai sha da inda zai shafa, da sadakar da zai yi wa yara ko almajirai. A cikin wannan aiki an saurari mutum, an ba ciwonsa suna da dalili, an nuna masa cewa wani mai daraja ya ɓata yini a kansa, an kuma ba shi abin da zai riƙa yi da hannunsa safe da yamma maimakon kwanciya yana ƙirga azarar ɗaki.

Ga mai imani, amfanin rubutu yana cikin ayoyin, kuma wannan magana ce da ma'aunin likita ba ya kaiwa gare ta. Abin da likitanci ya iya aunawa shi ne tasirin tsammanin waraka. Henry Beecher na Amurka ya tattara gwaje-gwaje a 1955 da ke nuna cewa ƙwayar da ba ta ɗauke da sinadarin komai tana rage wa wasu majinyata raɗaɗi muddin sun yarda magani ce, sannan a 1978 Jon Levine da abokan aikinsa suka gwada mutanen da aka cire wa haƙori, suka gano cewa idan aka ba su maganin da ke toshe aikin sinadaran kashe raɗaɗi da jiki ke yi da kansa, wannan sauƙin yana raguwa. Ashe yarda tana da hanyar da take bi a cikin jiki. Sai dai iyakarta ma a bayyane take, domin tana taɓa zogi da tashin zuciya da rashin barci, amma ba ta kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kuma yaran da aka tsaya yi wa tofi har zazzaɓi ya hau musu ka suna cikin lissafin da tarihin wannan sana'a ba zai tsallake ba.

Dubiya ma magani ce a wannan tsari, ko da yake ba wanda ke kiranta haka. Mai zuwa dubiya yakan ce sannu, yaya jiki, mai ciwo ya amsa da sauƙi ko da numfashi yake ja da ƙyar, a ce Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne, a ɗan zauna, a ajiye goro ko 'yan kuɗi a gefen tabarma a tashi. Wannan ladabi yana hana mutum jin an yashe shi, amma yana da wani gefe, domin wanda aka horar da cewa kukan ciwo rashin tawakkali ne yakan kai wannan amsa har gaban likita. A asibitin Lome, inda ake aiki da Faransanci da Ebe ko Mina, sau da yawa ta bakin tafinta, kalmar da sauƙi tana iya rufe ƙofar bincike, faɗuwar gaba kuwa a fassara ta da ciwon ƙirji kawai.

Asibitin Turawa bai zo da irin wannan yarda ba. Manyan asibitocin Jamus na farko, na Aneho a 1894 da na Lome a 1909, an gina su ne da Turawa a gaba, kuma a yaƙin da aka yi da ciwon barci tun daga 1908 an tsare marasa lafiya a sansanin Kuluto da ke duwatsun Kpalime, ana yi musu allurar sinadari mai guba da ya makantar da wasu, har mutane suka riƙa ɓuya daga masu duba wuyan jama'a don gano cutar. A wancan zamani kuwa sunan arewa a wajen magani ƙaruwa yake yi a tsakanin masu ƙasa. Daga shekarun 1920 wani tsarin bauta da warkarwa ya bazu cikin Ebe na Togo da Gana da sunan Gorovodu, wanda rabin sunansa goron Hausa ne, kuma Judy Rosenthal, wadda ta buga nazarinta a kansa a 1998, ta bayyana yadda mabiyansa ke ɗaukar iskokinsu a matsayin baƙi daga arewa, suna ba su goro, suna sa tufafin arewa idan iskokin sun hau kansu. Malaman zango ba za su amince da wannan bauta ba ko kaɗan, amma tana nuna wani abu game da zuciyar majinyaci a ko'ina: maganin da ya zo daga nesa, a hannun mai baƙon harshe, ya fi shiga rai.

A wajen taɓin hankali ne tsarin ya fi nuna ƙarfinsa da rauninsa a tare. Ana danganta shi da iskoki ko sammu ko gado ko yawan tunani, kuma bori, wanda ya bi Hausawa har Tunis da Tarabulus inda Tremearne ya same shi ya rubuta a 1914, yana da girka, wato jinyar kwanaki da kiɗa da turare wadda ke sulhunta mutum da iskarsa ta kuma shigar da shi cikin ƙungiyar masu irin larurarsa. Amma wanda ya yi duka ko ya tsorata gida yakan ƙare a mari, wato ƙarfen da ake sa wa ƙafa, ko a kai shi asibitin masu taɓin hankali na gwamnati da ke Zebe, tsohuwar hedikwatar Jamus, kimanin kilomita 45 gabas da Lome, nesa da duk wanda ya san sunan mahaifinsa. Abin lura shi ne, gyare-gyaren jinyar taɓin hankali biyu mafi shahara a Afirka ta Yamma sun koma ne ga abin da zango ya riga ya sani: Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, kowa tare da ɗan'uwansa, Henri Collomb kuma daga 1959 ya buɗe asibitin Fann na Dakar ga 'yan rakiya da zaman tattaunawa na jama'a.

A 1977 hukuma ta rushe Zangon da ke tsakiyar Lome ta kwashe mutanensa zuwa wani fili kimanin kilomita 15 a arewa, wajen Agoe da Togblekope, daga baya manyan gine-ginen bankuna suka tashi a yankin. An fi lissafa asarar da tafiyar kasuwa da kuɗin mota, amma tsarin jinyar da aka bayyana a sama ya dogara ne da kusanci, da zauren malam da ake isa da ƙafa, da maƙwabciyar da ke jin tarin tsohuwa ta katanga. Marc Fried ya nuna a 1963, a kan mutanen wata unguwa da aka rushe a Bostan ta Amurka, cewa da yawansu sun yi makokin gidajensu irin na mutuwa har tsawon shekaru, kuma wani dacen tarihi ne cewa a shekarar da aka tashi Zangon Lome ne George Engel ya buga maƙalarsa mai kira ga likitoci su riƙa duba jiki da tunani da zamantakewar majinyaci a haɗe.

Sabon Zango ya sake ginuwa, birni ma ya miƙe ya cim masa, amma sana'ar ba da magani ta sauya kama. Wa'azin masu sukar laya da bori, wanda ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta ƙarfafa, ya bi kaset da matafiya ya kai zangunan bakin teku, kuma ruƙiyya, wato karanta ayoyi da murya a kan mai larura, ta karɓe wani kaso na aikin da allo da girka ke yi. Jami'ar Lome, wadda aka buɗe a 1970, tana horar da likitoci da masana halayyar ɗan Adam, akwai kuma cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 'yan mishan Katolika a Agoe, ba nisa da sabuwar unguwar. Iyalai da yawa ba sa zaɓar hanya ɗaya su bar sauran, sukan fara da malam, su biya kantin magani, su ƙare a asibiti idan abin ya ƙi, kuma wanda ya shiga ɗakin jinya da yamma, lokacin da 'yan dubiya suka cika baranda, yana iya ganin gorar roba da baƙin ruwan rubutu a ƙarƙashin gado, a gefen ƙarfen da aka rataye ledar ƙarin ruwa.