Yadda gwajin kiton ke bayyana dalilin mutuwar fuju'a

A wasu lokutan akan tarar da mutum ya rasu shi kaɗai a ɗaki, likitoci su duba gawar ba su ga rauni ko alamar guba ba.

A irin wannan hali, masu binciken musabbabin mutuwa sukan auna wasu sinadarai da ake kira kiton.

Mene ne kiton?

Hanta ce ke samar da kiton idan jiki ya kasa amfani da sukari, ya koma ƙona kitse. Idan suka taru da yawa sai jini ya yi tsami, abin da ka iya kai wa ga suma da mutuwa.

Hakan ya fi faruwa ga mai ciwon sukari da ya rasa insulin, da kuma wanda ya daɗe yana shan barasa sannan ya daina cin abinci saboda amai.

Yadda ake gwajin

Bayan mutuwa, yawan sukarin da ke cikin jini yana sauyawa, don haka ba a dogara da shi. Likitoci sukan zuƙo ruwan cikin ƙwayar ido da allura, domin ya fi jini jinkirin lalacewa.

Cikin nau'o'in kiton uku, wanda aka fi aunawa shi ne BHB. A jinin mai lafiya yakan gaza milimol 0.5 a kowace lita. Masana da dama na ɗaukar abin da ya haura 2.5 a matsayin alamar cuta mai tsanani.

Bambance dalilan

Idan kiton ya yi yawa, kuma sukarin ruwan ido ya haura kusan milimol 10, an fi zargin ciwon sukari. Gwajin HbA1c, mai nuna matsayin sukari na watanni biyu zuwa uku, yakan ƙarfafa wannan zato.

Idan kuwa sukarin bai hau ba, akan karkata ga barasa, ko da ba a same ta a jini ba. Sai dai yunwa da matsanancin sanyi ma suna ƙara kiton, shi ya sa ake duba tarihin mamacin.

Amfaninsa ga iyali

Sakamakon na iya kawar da zargin kisa ko sammu tsakanin dangi. Yana kuma iya bankaɗo ciwon sukarin da ba a san mamacin yana da shi ba, ta yadda 'yan uwansa za su je a gwada su.

Likitoci na gargaɗin cewa yawan ƙishirwa da fitsari, da amai, da ciwon ciki, da numfashi mai zurfi, alamu ne na a garzaya asibiti.