Tarihin Ƙidayar Tsuntsayen Lambu a Birtaniya

A shekarar 1979, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, wadda ake kira RSPB, ta nemi yara, ta cikin shirin talabijin na BBC mai suna Blue Peter, su zauna cikin tsananin sanyin hunturu su lissafa tsuntsayen da ke sauka a lambunan gidajensu. Ana zaton ɗaruruwa kaɗan ne za su amsa, sai ga takardu fiye da 34,000 sun iso. Daga nan al'adar ta kafu kowane Janairu, har a 2001 aka shigar da manya, bisa sharaɗin mutum ya ba da sa'a guda, ya rubuta adadi mafi yawa na kowane jinsi da ya gani a lokaci ɗaya, domin kada a ƙirga tsuntsu guda sau biyu.

A ra'ayina wannan sharaɗi shi ne hikimar al'amarin, gama da shi ne shaidar ɗan koyo da ta masani suka zama hujja guda, wadda ake iya aunawa shekara da shekara. Sakamakon ƙidayar kuwa ya tabbatar da abin takaici: gwara, alhali ta daɗe tana kan gaba a jerin tsuntsayen da aka fi gani, adadinta ya ragu da fiye da rabi tun farkon ƙidayar.