Korona a jikin kyanwa: Abin da gwajin jini ke nunawa da abin da ba ya nunawa

Duk wanda ya taɓa zuwa Makka ya ga kyanwoyi suna kai-komo a unguwannin da ke kewaye da Masallacin Harami, kamar Misfala da Ajyad, wani lokaci ma har cikin harabarsa. Jama'a na ciyar da su, kuma an san darajarsu tun daga sahabi Abu Huraira, wanda ya samo laƙabinsa daga 'yar kyanwarsa.

Sai dai a ƙasar da aka fara gano cutar MERS a Jidda a 2012, aka kuma dakatar da Umara a 2020 saboda annobar korona, jin likitan dabbobi ya ce an samu alamar korona a jinin kyanwa ya isa ya sa mai ita ya yasar da ita a titi. Shin sakamakon ya kai a yi hakan?

Wace korona ce?

Koronar kyanwa ba dangi ɗaya take da MERS ko wadda ta haddasa annobar 2020 ba, kuma ba ta kama ɗan'adam. A hanji take zama, tana yaɗuwa ta kashin kyanwa, musamman inda kyanwoyi suka yi cunkoso. Galibi ba ta wuce 'yar gudawa.

A jikin wasu ƙalilan ne ƙwayar ke rikiɗa ta zama cutar FIP, wadda ke kawo zazzaɓi da rama da taruwar ruwa a ciki ko ƙirji, ta kuma kashe idan ba a yi magani ba.

Me gwajin ke bambancewa?

Ƙwayar iri biyu ce. Ta farko ta fi yaɗuwa a duniya, ta biyun kuwa ta samu ne daga haɗuwar ta farkon da koronar karnuka. Don tantance su, masu bincike kan haɗa ruwan jinin kyanwa da kowane iri, su ga wanne ne garkuwar jikinta ta daƙile.

Amma kowanne daga cikinsu na iya rikiɗa. Gwajin garkuwar jiki na nuna cewa kyanwa ta taɓa gamuwa da ƙwayar ne kawai, ba ya rarrabe ta hanji da mai kisa. Lafiyayyar kyanwa na iya nuna alamar sosai, wadda ta galabaita kuma ta nuna kaɗan.

Shi ya sa likitoci ke haɗawa da auna sinadaran albumin da gulobulin a jini: idan ma'aunin na farko a kan na biyu ya gaza 0.4, zargi ya ƙarfafa. Sukan kuma zuƙo ruwan cikin a yi masa gwajin PCR.

Akwai magani?

A da, FIP hukuncin kisa ce. A 2019, Farfesa Niels Pedersen na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka da abokan aikinsa suka nuna cewa maganin GS-441524, na tsawon mako 12, yana warkar da mafi yawan kyanwoyin da aka gwada shi a kansu.

Don haka sakamakon gwajin jini ɗaya bai isa hujjar yasar da kyanwa ko kashe ta ba. A mayar da ita wurin likita a ƙarasa bincike.